Gurbin Oga Yohanna

'Ya'yana, na san dukkanku kun ga bidiyon nan, don haka kada wani ya yi mini fuskar rashin sani. Na san yana cikin wayar Amina, na san Sadiku ya ɗora masa wani kiɗa na daban ya tura wa abokansa, na kuma san jikokina suna kwaikwayona a bayan ɗaki, su ɗaga hannu ɗaya sama, su rufe ido suna rangaji. Na daɗe ina jin ana cewa Alhaji Sale ya tafi Doha neman halali ya ɓuge da rawa a tashar mota, ban taɓa tanka wa kowa ba. Yanzu da na zauna rubuta muku rayuwata zan faɗi yadda abin ya faru, kuma ina so ku karanta har ƙarshe kafin wani ya buɗe baki. Ba rawa nake yi ba. Aiki aka ba ni.

Tun ba a haifi ko ɗayanku ba ni direban Oga Yohanna ne a Jos. Ku ba ku san shi ba, amma a zamaninsa in aka ce mai busa ƙaho a ƙasar nan to shi ake nufi, ƙahon nan na Turawa da suke kira tirampet. Kiɗan jaz yake yi, shi da ƙungiyarsa. An buga faifansa, an sa shi a rediyo, ya zaga Ikko da Gana, har ƙasar Turawa an kai shi ya busa musu abinsu suka miƙe tsaye suna tafi. Ni nawa aikin tuƙa tsohuwar bas ɗin ƙungiya, in loda ganguna in sauke ganguna, in tura mota in ta mutu, kuma ba ta da aiki sai mutuwa. Oga gajere ne, ga tumbi, ga faɗa, in ya busa kumatunsa su kumbura kamar ya ɓoye lemo a baki. Shi Kirista ni Musulmi, amma bai taɓa bari lokacin salla ya wuce ni a hanya ba. Ko mun makara zai bubbuga jikin mota ya ce:

"Sale, tsaya ka yi sallarka. Wannan motar taka addu'a kaɗai ke riƙe da ita."

Ƙungiyar tana da wata al'ada da shi ya kafa ta. Suna da kiɗa guda mai suna Tashar Bukur, wanda a cikinsa kowane makaɗi yana da lokacinsa. Mai ganga ya yi nasa, mai jita ya yi nasa, mai ƙaho ya yi nasa, sannan a haɗu a rufe. In ɗan ƙungiya ya rasu, bayan an binne shi sai a je ƙofar gidansa, a zaunar da jininsa a gaba, a tashi Tashar Bukur. Da an zo kan lokacin mamacin sai Oga ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ba kiɗa, ba tari, ba kuka mai sauti, har tsawon abin da mamacin zai buga da yana raye. Sannan ya sauke hannu a ci gaba. Suna kiran wannan barin gurbi. Na ga an yi wa mai ganga, na ga an yi wa masu jita, kuma kowane lokaci mata sai bayan an sauke hannu suke fashewa da kuka. Na taɓa tambayarsa amfanin abin.

"Makaɗin da ba a bar masa gurbi ba bai san ya mutu ba," in ji shi. "Sai ya yi ta zuwa wajen gwaji yana damun mutane."

Da tsufa ya kama shi ƙungiya ta watse, ni kuma na bi hanyar neman abincinku har ta kai ni Doha, ina tuƙa bas ɗin ma'aikata. 'Yarsa tilo, Rahila, wadda na sha kai ta makaranta tana zaune a kan ganga, ita ma ta zo Doha aikin jinya. Tana kirana Baba Sale, nakan kai mata yaji da kuka in wani ya zo daga gida. Ana haka korona ta shigo. Aka rufe gari, aka rufe jirage, aka kulle mu a ɗakunanmu na kusa da Asian Town, mu da wayoyinmu da warin takalman juna. Ita kuwa Rahila tana asibiti ba dare ba rana, cikin rigar leda. Wata rana da hantsi ta kira ni, muryarta a bushe kamar mai karanta sanarwa.

"Baba Sale, Baba ya tafi. Jiya suka binne shi."

Na yi salati, na zauna a bakin gado. Da bakina ya buɗe abin da ya fara fitowa shi ne, "An bar masa gurbi?"

"Wa zai bari? An hana taro. Mutane kaɗan ne, suka sa shi suka watse. Ni ma a waya na gani. Zan koma diyuti, sai an jima."

Ba ta yi kuka ba. Ni ne na yi, har abokin zamana Malam Idi ya tashi ya miƙo mini ruwa. Mutumin da ya yi wa rabin Jos busar jana'iza an kai shi shiru kamar wanda ya yi sata. Yaransa na ƙungiya kuwa saura biyu a duniya, ɗaya ya kurumce, ɗaya jikinsa ya shanye, kuma ko da suna da lafiya jininsa ba ya ƙasar. Na ce in dai ina numfashi sai an bar wa Oga gurbinsa a gaban 'yarsa.

Malam Idi abokin ɗakina ne, Bakatsine, mai gadi a wani babban kanti a Al Rayyan. Mutumin kirki ne, amma ya ɗauki kiɗa a matsayin ƙanin Shaiɗan, ko ƙarar waya in ta yi daɗi da yawa sai ya ce a canza. Duk da haka da na ce masa akwai yarinyar gida da ubanta ya rasu ba wanda ya je mata gaisuwa, sai ya miƙe yana neman hularsa. Ya ce wannan abin kunya ne a kanmu duka. Da aka ɗan sassauta kulle muka tara 'yan uwa direbobi da masu gadi, kowa da takunkumi a fuska, muka tafi Madinat Khalifa inda take haya. Ba a shiga gidan mutane a lokacin, don haka muka tsaya a wajen ajiye motoci, nesa da juna kamar an dasa mu, ita kuma ta fito baranda a sama. Dabarata mai sauƙi ce. Ina da Tashar Bukur a waya, na haɗa da rediyon mota, in aka zo kan busar Oga sai in murɗe murya. Na yi musu bayani tun a hanya, na ce in kuka ji shiru to kowa ya yi shiru. Suka ce sun gane.

Ganga ta yi nata, jita ta yi nata, na murɗe. Wuri ya yi tsit. Ku kun san mutanenmu a zaman makoki, shiru ciwo ne a gare su, in ya faɗo sai wani ya ɗauke shi. Ban gama sauke numfashi ba na ji Malam Idi ya yi gyaran murya, ya ɗaga kai sama.

"Ashsha! Baiwar Allah, yaya haƙuri?"

Rahila yarinya ce mai tarbiyya, dole ta amsa. "Mun gode Allah, Baba."

"To Allah ya ƙara haƙuri."

Sauran suka ɗauka baki ɗaya, "Amin, amin."

Na kashe rediyo na yi musu faɗa, na ce shiru na ce, shiru. Malam Idi ya ce shi ya ɗauka kiɗan ne ya ƙare, Allah ya taimake mu. Aka sake daga farko. Wannan karon ya danne bakinsa da hannu, amma wani direba ɗan Zariya da ke can ƙarshe ya ga shirun ya yi yawa, ya ce, "Kai, duniya ke nan," na kusa da shi ya ce, "Wallahi kuwa," shi ke nan aka koma gidan jiya. Kafin mu yi na uku mai gadin ginin ya fito yana kaɗa hannu yana cewa yalla, yalla, khalas, wato mu watse ya isa haka, zai kira 'yan sanda. Muna shiga mota Rahila ta kira ni a waya, ina jin tana ƙoƙarin danne dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Baba Sale, na gode, ka gode musu. Amma wannan ba gurbi ba ne. Yana nan a ciki yana busa, kai ne ka rage masa murya. Da yana raye da ka sha zagi."

Gaskiya ta faɗa. Gurbi sai da makaɗa masu rai, waɗanda za su iya bugawa amma su ƙi. Ni kuwa ina zan samo makaɗa a garin da ko tafi ka yi da ƙarfi sai maƙwabci ya leƙo? Haka abin ya kwanta. Aka buɗe jirage, amma Rahila ta ƙi zuwa gida. Hutu ya zo ta sayar da shi ta karɓi aikin wasu. In na tambaye ta sai ta ce ba za ta iya shiga gidan nan ba tukuna. Ta rame, ta zama mai gajeriyar magana, kuma har lokacin ta ce mini hawaye bai zo mata ba ko sau ɗaya. Na ji tsoro ƙwarai, don na san irin wannan shirun yana cin mutum.

A wannan tsakanin ne mutanen unguwarmu suka aiko cewa in na dawo ni za a ba shugabancin kwamitin masallaci. Mamarku ta fi ni murna, har ta fara tafiya daban. Da na ba ta labarin abin da nake nema wa Oga, sai ta ce mini a waya:

"Alhaji, ka yi Hajji, ka yi furfura. Mutumin nan ya riƙe ka da kyau, ban musa ba, ko ranar sunan Amina shi ya kawo rago. Ka yi wa 'yarsa alheri. Amma ka rufa mana asiri da ganguna."

Na ce mata to. Irin to ɗin da ake ce wa mace a waya.

Sai gasar kofin duniya ta zo, garin ya haukace. Doha da na sani mai shiru ta cika da mutane rabi tsirara, fuska da fenti, kowa da tutarsa. Aka mayar da mu ɗaukar 'yan kallo. Wata rana aka loda mini magoya bayan Gana, da gangunansu da ƙahonninsu, suka cika mini bas da ihu har ba na jin hon ɗina. A hanyar dawowa sun gaji sun yi laushi, sai na kunna Tashar Bukur a hankali don kaina. Ban ankara ba wani ƙato ya taso daga baya yana dafa kujeru, ya tsaya a kaina, ya yi mini Hausa irin ta zangon Kumasi, yana kirana Masa, wato maigida.

"Masa, ina ka samu wannan? Yohanna na Jos ke nan! Babana yana da faifan, kullum shi yana sa. Mu duka mun iya shi."

Na ce ni direbansa ne, kuma ya rasu. Sai ya dafe kai, ya juya ya faɗa wa sauran da yarensu. Sunansa Fuseni, shi ne shugaban makaɗan. Kafin mu isa masaukinsu na zayyana masa komai, ya ce an gama, ranar da ba su da wasa za su zo. Matsala ɗaya aka samu, mai busarsu, wani dogo da ake kira Kofi. Da Fuseni ya fassara masa cewa ana gayyatarsa ne don kada ya busa, sai ya ɗauka raini ne. Ya ce ya haye teku da ƙahonsa, ya san busar Yohanna tun daga farko har ƙarshe, kuma yau ga dama ta zo a ce ya tsaya kamar sandar lantarki? Aka yi ta lallashi. Da muka gwada a bayan bas ya yi alkawari, amma ana zuwa wurin sai ƙahon ya hau bakinsa da kansa. Fuseni ya ce:

"Masa, wannan yaro ba laifinshi ba ne. In kana so shi yi shiru, sai wani ya riƙe ƙahon."

Na dawo ɗaki na dubi Malam Idi. Na ga hanyar da zan kashe matsala biyu, hannunsa ya samu aiki, kuma in tsaya kusa da bakinsa. Na ce masa shi zai riƙe ƙahon. Ya ce shi? Da alwalarsa? Na ce ai hana busa za ka yi, Malam, a duk rayuwarka ba ka taɓa samun damar hana kiɗa da hannunka irin wannan ba. Ya yi tunani ya ga akwai lada a ciki, ya yarda. Amma ya gargaɗe ni, kuma zan ba shi gaskiyarsa.

"Alhaji, yaran nan kowa da waya a hannu. Kafin ka sauke hannu an gan ka a Jos. Kujerar nan da ake ajiye maka, ka yi tunani."

Na yi tunanin. Ina son kujerar, ba zan ɓoye muku ba, har na fara tsara yadda zan gyara famfunan alwala. Amma ba wanda ya san tsawon busar Oga a wannan kiɗa sai ni, ni da na ji ta shekara da shekaru daga bayan fage ina gadin mota. In ban ɗaga hannu ba babu mai ɗagawa.

Bari in gama muku da maganar asara tun yanzu, don kun san ta. Bidiyon ya riga ni isa gida. Aka yanke farkonsa da ƙarshensa, aka bar ni tsaye a tsakiyar makaɗa masu fenti a fuska ina lilo. Kwamiti ya zauna, aka ba Alhaji Mudi kujera, mutumin da har yau famfunan nan suna zuba a hannunsa. Mamarku ta yi mako ba ta ɗaga wayata, da ta ɗaga kuma abin da ta fara cewa shi ne ashe haka na iya karkaɗa kafaɗa ita ba ta sani ba. Na ji zafi, har yanzu in na wuce ofishin kwamiti nakan ji. Amma da za a mayar da ni ranar, hannun nan zan sake ɗagawa.

Ranar Juma'a ce bayan la'asar, a filin da muke ajiye bas a bayan Asian Town. Na sa wa Rahila kujerar roba a gaba, ta zo sanye da kayan aikinta, ta zauna ta haɗa hannu a cinya. Mutanenmu na wancan karon duk sun dawo, kuma na koyi darasi, na sayo dabino mai tauri na bi su ɗaya bayan ɗaya na ce kowa ya cika bakinsa, kada ya haɗiye sai na ce. Malam Idi ya karɓi ƙahon Kofi da tawul kamar mai sauke tukunya daga wuta, ya riƙe shi nesa da jikinsa, kumatu cike da dabino. Kofi ya tsaya gefensa yana kallon ƙahon kamar an ƙwace masa jariri. 'Yan Nepal da 'yan Bangladesh masu wanke motoci suka taru suna kallon ikon Allah.

Fuseni ya daki ganga. Wallahi yaran nan sun iya. Ba irin na Oga ba ne sak, nasu ya fi gudu, amma Tashar Bukur ce, har na ji ƙamshin man tsohuwar bas ɗinmu. Mai ganga ya yi nasa. Ba su da jita, wani ya yi wurin da baki da ƙararrawa, ya wuce. Aka zo wurin. Na ɗaga hannu.

Wuri ya mutu. Yatsun Kofi suna motsi a iska amma bakinsa a rufe. Malam Idi ya buɗe baki, dabino ya tare hanya, ya mayar ya rufe. Na rufe ido, sai ga busar tana zuwa mini a kai tiryan-tiryan, yadda yake farawa ƙasa-ƙasa kamar mai neman sulhu, ya hau, ya tsaya ya ja numfashi, ya sake hawa. Rangajin da kuke kwaikwayo ke nan, bin sa nake yi don kada in ɓace. Na bi shi har inda yake saukowa, har ƙarar ƙarshe da yake ja ya sake ta. Nan ya kamata in sauke hannu. Na san nan ne, ba ni da shakka ko kaɗan. Sai na ji ba zan iya ba. Muddin hannuna yana sama lokacinsa ne, ba wanda ya isa ya shiga, in na sauke kuwa shi ke nan an wuce shi. Na tsaya. Kafaɗata ta fara zafi, na ji makaɗa suna motsi, na ji wani yana fama da dabino a maƙogwaro, ni dai ina tsaye hawaye yana shiga mini gemu.

Sai na ji an kama mini wuyan hannu. Na buɗe ido, Rahila ce, ta taso daga kujera, fuskarta sharkaf, ita ma ta san inda busar ta ƙare.

"Baba Sale, ya gama," ta ce. "Bar shi ya tafi."

Ta jawo hannuna ƙasa da hannayenta biyu. Fuseni ya daki ganga, ita kuma ta durƙushe a wurin ta fasa kukan ubanta.